Jirgi a Cikin Kwali: Daga Dalar Masar Zuwa Motar Kara ta Kazaure

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ɗan tarihi ne a kan wani abu da na san da yawa za su ce wasan yara ne, wato harhaɗa ƙananan jiragen ruwa na katako, irin masu tafiya da ƙarfin iska. Sana'ar hutuna ke nan, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, me ya haɗa mutumin Kazaure da jirgin teku, alhali daga garinmu zuwa bakin teku a Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota? Amsata tana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri da ni.

Mu fara da kalmar kanta. A bakin Bahaushe, jirgi tun asali na ruwa ne. Da Turawa suka kawo dogo sai muka ce jirgin ƙasa, da abin ya tashi sama muka ce jirgin sama, har ta kai shi mai sunan na asali sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi ake nufi. Mutanen da ba su san jirgi ba ba za su riƙa cewa wane da wane jirgi ɗaya ne ya kwaso su ba, kuma ba za su naɗa Sarkin Jirgi a garuruwan bakin gulbi ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin yakan zo ne a cikin kwali. Za ka tarar da faffaɗan katako marar kauri wanda na'ura ta riga ta zana ta yanka, sai ka ɓalle guntayen ɗaya bayan ɗaya. Akwai dogon guntu guda wanda shi ne ƙashin bayan jirgin, akwai haƙarƙari da ake jerawa a kansa, sannan damin siraran itatuwa kamar tsinken tsire da za a lulluɓe jikin da su. Ga ƙullin zare kala-kala, ga ƙyalle, ga 'yan ƙananan ƙusoshi da sai da hantsaki ake ɗaukarsu, ga kuma takardar zane mai faɗin tabarma. A jikin kwalin akan rubuta ma'auni, alal misali 1:50, ma'ana kowane taku 50 na jirgin gaske ya koma taku ɗaya. Wurin da aikin yake shi ne lulluɓe jiki. Itace ba ya son lanƙwasa, sai ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka bi shi a hankali, ka fiƙe bakinsa domin gaban jirgi ya fi cikinsa tsukewa, ka shafa gam, ka danne, ka jira. A lokacin hunturu kuwa, iskarmu ta arewa takan busar da itacen kafin ka gama lallaɓa shi. Jirgi ɗaya yakan ci watanni. Kamfanoni irin su Amati na Italiya da Billing Boats na Denmak da Artesanía Latina na Sifen sun yi suna a wannan harka, kuma jiragen da aka fi kwaikwaya sun haɗa da Victory na Ingila wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, da Cutty Sark mai dakon ganyen shayi da aka ƙera a 1869.

Sai dai ni a ganina, jirgin farko da aka taɓa ajiye wa wani a wargaje ya zo ya harhaɗa, ba Bature ne ya shirya shi ba. A shekarar 1954, a gindin babbar dalar Giza ta ƙasar Masar, wani ma'aikacin kayan tarihi mai suna Kamal el-Mallakh ya buɗe wani dogon rami da aka rufe da manyan duwatsu. A ciki aka sami jirgin Fir'auna Khufu, an kwance shi gunduwa-gunduwa har guda 1,224, an jera su a tsanake, sun yi kusan shekara 4,500 a kwance. Yawancin itacen daga Lebanon aka kawo shi, kuma babu ƙusa a jikinsa, da igiya ake ɗinke allunan ta cikin hudoji. Ga kaya, amma babu takardar zane. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Alhaji Ahmed Youssef, kuma abin da ya yi shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Ya tafi wurin maƙeran jiragen kogin Nilu ya zauna yana kallon hannunsu, sannan ya riƙa sassaƙa ƙananan kwatankwacin guntayen yana gwada haɗa su, sai abin ya zauna a ƙarami kafin ya taɓa babban. Ya shafe fiye da shekara 10 a kan haka. Jirgin da ya fito tsawonsa ya kai mita 43, kuma a watan Agustan 2021 aka ɗauke shi cak aka kai shi sabon babban gidan tarihi na Masar. Ashe ƙaramin jirgi shi ya koya wa mutane yadda za su tayar da babba.

Su ma Misirawan dauri sun yi ƙanana. A 1920 aka gano wasu a kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, kusa da Luksor, har da 'yan matuƙa na itace a ciki, an raba su tsakanin Alƙahira da New York. Turawan Ingila kuma daga ƙarni na 17 suka riƙa ƙera ƙananan kwatankwacin jiragen yaƙinsu da ma'auni daidai, galibi 1:48, kuma da yawa daga cikinsu suna gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, bayan jiragen gasken sun daɗe da ruɓewa ko nutsewa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne fursunonin yaƙi na Faransa a zamanin Napoleon, da aka tsare a wurare irin su Norman Cross da Dartmoor. Allah Sarki, ƙashin naman da aka ba su a abinci suke tarawa, su wanke, su goge, su ƙera jirgi da shi, wani lokaci har da gashi a madadin igiya, su sayar a kasuwar kurkuku su sami na kashewa.

To, mu dawo gida. A 1850 wasu Turawa uku, James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka taso daga Tarabulus za su ƙetare Sahara. A cikin kayansu har da jirgin ruwa na katako da aka ƙera a tsibirin Malta, aka raba shi gida huɗu aka ɗora wa raƙuma. Mai karatu ya kwatanta idon Buzayen Azbin da suka ga jirgi yana tafiya a kan tozo cikin rairayi! Barth shi ne wanda ya biyo ta Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, lokacin masarautar Kazaure da Ɗantunku ya kafa wajen 1819 ba ta wuce shekara 30 da 'yan kai ba. Jirgin kuwa ya isa Borno, aka harhaɗa shi a bakin Tafkin Chadi, aka raɗa masa suna Lord Palmerston, Overweg ya shiga ya zaga tsibiran Buduma a 1851. Shekara ɗaya bayan haka ya mutu a bakin tafkin.

Abin da su Overweg ba su sani ba shi ne, yamma da tafkin nan, a ƙarƙashin ƙasa, akwai jirgin da ya girmi na Fir'auna nesa ba kusa ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a zurfin kamar mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi a 1994. Kwale-kwale ne da aka fafe daga gungume guda na dangin maɗaci, tsawonsa mita 8 da ɗoriya, faɗinsa rabin mita, bakinsa a fiƙe gaba da baya. Gwajin da aka yi ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi daɗewa, a duniya ma 'yan ƙalilan ne suka girme shi. An kai shi Damaturu aka ajiye. Daga Kazaure zuwa can, Jigawa kawai za ka ratsa ka shiga Yobe. Saboda haka idan aka ce ɗan arewa ba shi da gado a harkar jirgi, ni dai ban yarda ba.

Hannun yin ƙaramin abu ma muna da shi, kuma a nan ne nake so mu ɗan daɗe. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Roni ko Gwiwa ko Babura ko kewayen Kazaure kafin wayar hannu ta zo, ya san abin da ke biyo bayan kaka. Manya su ɗebi karan dawa su yi darni da gadon kara, yara kuma su tsinci nasu rabon. A sami reza ko guntun wuƙa, a ɓare bayan karan a fitar da shi siri-siri, a yanka totuwar ciki gunduwa-gunduwa, sai a riƙa soka ɓawon cikin totuwa. Da haka ake tayar da motar kara da gilashinta da bodinta, da jirgin sama, da tabarau, da kejin tsuntsu mai ƙofa. A cikin gari kuma masu langa-langa da gwangwanin madara da tsohon silifa su ne gwanaye. Babu gam, babu ƙusa, babu takardar zane. Yaro zai tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura ya ƙare wa babbar mota kallo, ya koma gida ya fitar da ita daga kansa, har ya san inda ya kamata taya ta zauna don kada gaba ya rinjayi baya. Wannan shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwali, sai dai shi a ido yake riƙe da nasa. Ranar da na fara jera haƙarƙari a kan ƙashin bayan jirgi, hannuna bai ji baƙunta ba ko kaɗan, domin tsarin ɗaya ne da na motar kara: ka fara tsayar da ƙashi, sannan ka sa masa fata.

Bambancin kawai shi ne namu ba ya kwana biyu. Motar kara ba ta ganin damina, in gara ba ta ci ba akuya za ta ci, in ta tsira kuma ta ƙare a murhu. Shi kuwa kwale-kwalen gaske, in ya tsufa sai a jawo shi gaɓa ya ruɓe ko a faskara. Ga masunta da masu fito a madatsar ruwan Kazaure da kogin Gari, ga na Haɗeja da Nguru, ga na Yawuri a bakin Kwara, kowane wuri da irin ƙirarsa gwargwadon ruwansa. Manyan itatuwan da ake fafewa sun yi ƙaranci, shi ya sa jirgin allo da ƙusa ya yawaita, masassaƙan da suka san yadda ake zaɓen gungume a fafe shi da gizago har kaurinsa ya zo daidai kuwa tsufa suke yi. Wanda ke son sanin yadda jirgin yaƙin Ingila na shekara 300 da suka wuce yake, zai iya ƙirga haƙarƙarinsa a cikin gilashi. Wanda ke son sanin jirgin fiton da kakansa ya shiga, sai dai a ba shi labari da baki, kuma gani ya kori ji.

Wannan ne ya sa na fara karkata daga na kwali zuwa namu na gida. Awon jirgin Dufuna a rubuce yake, kuma lissafinsa ba wuya: a ma'aunin 1:20, tsawonsa zai zo santimita 42, faɗinsa santimita 2 da rabi. Guntun maɗaci da ya rage a wurin kafinta ya isa, sai ƙaramar kurfi da takardar goge katako. Wahalar tana wajen fafe cikin, domin a wannan ma'auni bangon jirgin bai fi kaurin ɓawon kara biyu ko uku ba, kuma maɗaci yana tsagewa in aka matsa masa. Na allo kuma sai an je bakin ruwa da igiyar awo, a nemi izinin mai jirgin, a auna tsawo da faɗi a wuri biyar ko shida, a ƙirga allunan, a tambayi sunan kowane sashe a rubuta, a kuma tambayi da me ake toshe tsakanin allo da allo don kada ruwa ya shiga. Sunayen nan su na fi ƙwallafa rai a kansu, domin ba a cikin kowane ƙamus ake samunsu ba, a bakin masu jirgin suke.