Ranar da ARPANET ta tsaya cak

Yau zan mayar da ku 27 ga Oktoba 1980, ranar da ARPANET, kakar intanet, ta tsaya na sa'o'i.

A 1979 John McQuillan da abokan aikinsa suka kawo tsarin da kowace na'ura ke sanar da sauran halin layukanta, sannan ta nemo gajeriyar hanya da lissafin Dijkstra. To, ranar nan wata na'ura mai matsala ta ɓata lambar wani saƙo, ya koma kwafi uku: 8, 40, 44. Da yake lambobin zagaye suke, kowanne sai a ga ya fi wani sabunta. Haka suka yi ta yawo har layuka suka cushe.

OSPF ɗin da kuke saitawa a switch yau, lambobinsa a miƙe suke tafiya.