Daga Dawa zuwa Daba: Tarihin Shaye-shaye Tsakanin Samari Marasa Matsuguni a Birnin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda wannan karin magana ya tabbata a kan samarin da ke kwana a tashoshin mota da rumfunan kasuwa da kangaye a birnin Kano. Abin da za a nuna shi ne, kayan mayen da suke sha sun yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani, amma hanyar da suke isa ga yaro guda ɗaya ce, watau hannun tsaransa.

Asalin Daba

Kalmar daba a asali tana nufin matattara, musamman inda mafarauta ke haɗuwa. A ƙasar Hausa farauta da tauri tsofaffin al'adu ne, kuma dukkansu suna tafe da shan magani. Sai dai a wancan tsari magani yana fitowa ne daga hannun babba. Uba ko ubangida shi ke haɗa shi, shi ke ba yaro, ya kuma gindaya masa sharuɗɗa da haninsa. Haka nan kowace ƙungiya tana da shugaba wanda mai unguwa ya san da zamansa. Tsire-tsire masu gusar da hankali, irin su zaƙami, an san su tun da daɗewa, amma shan su don nishaɗi abin kunya ne. Giya kuwa, a zamanin Turawa an killace sayar da ita a Sabon Gari, bayan ganuwa.

Siyasa da Yaƙi

Abubuwa biyu suka fara sassauta wannan tsari. Na farko, masana da dama suna danganta yaɗuwar tabar wiwi a Nijeriya da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Na biyu, siyasar jam'iyyu. Bayan kafa NEPU a 1950 da kuma zaman NPC jam'iyyar siyasa a 1951, kowane ɓangare ya nemi ƙarfafan samari masu kare shugabanni da tarwatsa taron abokan hamayya, waɗanda aka sani da 'yan banga. Da yawansu daga cikin 'yan tauri da 'yan farauta aka ɗebo su. Ta haka jaruntakar dawa ta shigo gari, ta zama abin haya, wanda ke biya kuwa bai damu da tarbiyyar wanda ya ɗauka ba.

Fari da Kwararowa Birni

Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya koro dubban mutane daga karkara da kuma ƙasar Nijar zuwa Kano, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke jawo jama'a birane. A da, ɗan cin rani yana da fatoma ko ɗan garinsu da zai sauka a wurinsa, almajiri kuma yana da malaminsa. Da yawa ya yi yawa, sai aka sami yaran da suka suɓuce daga hannun kowa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara dagula al'amari, domin masana'antun Bompai da Sharaɗa sun yi ta rage ma'aikata.

Ya kamata a lura cewa ba kowane ɗan daba ne marar gida ba, kuma ba kowane mai kwanan tasha ne ɗan daba ba. Amma ga yaron da ba shi da kowa, daba ita ke ba shi makwanci da abinci da kariya, har da sabon suna na laƙabi. Duk abin da gida ke yi, ita ke yi masa. Ladan da take karɓa shi ne ya yi abin da ake yi. Ƙwayar farko kyauta ce, daga hannun abokin da ya raba loma da shi. In ya karɓa ya zama ɗan hannu. In ya ƙi, a kira shi rago, ko a zarge shi da kai rahoto ga 'yan sanda. Bugu da ƙari, abokan ne ke koya masa dalilin sha: wannan na maganin sanyin hunturu, wannan na danne yunwa, wancan na cire tsoro.

Doka da Sauyin Kayan Maye

Hukuma ta fi mai da hankali ga abin da ake sha. Dokar tabar wiwi ta 1966 ta tanadi hukunci mai tsanani. Doka ta 20 ta 1984 ta kai ga harbe mutum uku a Ikko a 1985. An kafa hukumar NDLEA da Doka ta 48 ta 1989, Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka hana sayar da giya, sannan a watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Duk da haka, in aka toshe wannan kafa sai wata ta buɗe: daga wiwi zuwa ƙwayoyin ƙara kuzari, daga nan zuwa sholisho na masu faci, har zuwa tiramol. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda. Daɗin daɗawa, bayan komawa mulkin farar hula a 1999, 'yan jagaliya sun gaji 'yan banga.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa babban sauyin da aka samu shi ne na hannun da ke miƙa magani: ya tashi daga na babba mai sharaɗi, ya koma na tsara marar sharaɗi. Saboda haka, yaron da aka tsare aka raba shi da ƙwaya, sannan aka sake shi ya koma kangon da ya fito, an mai da shi ne ga malamansa na farko. Muddin daba ce kaɗai ke ba shi wurin kwana da suna, maganarta zai ji.