Tayar Da Ta Sa Aka Sake Wa Babur Ƙafafu

 Yau wurin mai faci za mu je. In mun tsuguna muka duba gefen tayar babur ɗin da muka saba hawa, irin su Boxer, za mu ga an rubuta 2.75-17 ko 3.00-17, da ɗan kara a tsakanin lambobin. In kuma muka dace da ɗaya daga cikin manyan baburan nan masu ƙugi, za mu ga 120/70 ZR17 a gaba, 180/55 ZR17 a baya. Duka sun ƙare da 17, wato faɗin bakin wilin da za su hau inci 17 ne. Sai mutum ya ɗauka ana iya ciro wannan a sa wa wancan. Ba ya yiwuwa, kuma dalilin yana cikin bambancin ɗan karan nan da harafin R.

Taya ba roba zalla ba ce. A cikinta akwai zaruruwa da aka shimfiɗa hawa-hawa, su ne ƙashinta. Tun bayan da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a 1887, hanyar da masu yin taya suka zauna a kai ita ce a shimfiɗa zaren a karkace: hawa na farko ya karkata dama, na biyu ya karkata hagu, suna gicciye juna kamar saƙar zana. Ita ce taya mai saƙar gicciye, kuma ita ɗan karan nan yake nufi. Tana da ƙarfi a gefe, tana jure kaya da rami. Aibinta shi ne duk juyin da ta yi sai hawa-hawan sun gogi juna, gugar ta haifar da zafi, zafin ya ci robar.

Wani ma'aikacin kamfanin Michelin a garin Clermont-Ferrand na Faransa, Marius Mignol, shi ya nace sai ya gano inda zafin yake fitowa. Ya haɗa wata tayar gwaji wadda wayoyin gefenta suka miƙe tsaye, da tazara a tsakaninsu, har abokan aikinsa suka yi mata laƙabi da kejin ƙuda. Gefen nan bai yi zafi ba. Daga nan aka samo fasalin da Michelin ya yi wa rajista a 1946, ya fito da shi kasuwa a 1949 da sunan Michelin X: zare ya tashi daga wannan baki ya tsallaka zuwa wancan a miƙe, ba karkata, sannan a ɗaura ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin fuskar da ke taka ƙasa. Gefe ya yi laushi, fuska ta yi tauri, kowa da aikinsa. Wannan ita ce radiyal, mai harafin R. Motocin Turai suka karɓe ta da wuri, musamman Citroën wanda a lokacin yana hannun Michelin. Amurka ta yi ta jan ƙafa har sai da tsadar mai ta 1973 ta sa kowa ya fara lissafin abin da taya ke ci masa.

Babur kuwa ya jira kusan shekara arba'in.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Mota idan za ta sha kwana, tayoyinta huɗu suna nan a tsaye, fuskarsu shimfiɗe a kan kwalta. Babur kwanciya yake yi. Dole fuskar tayarsa ta zama mai doro kamar bayan ƙwarya, domin in ya kwanta ya samu abin takawa a gefe, kuma dole gefen ya iya ɗaukar nauyin babur da mahayi ba tare da ya lanƙwashe ba. To ga radiyal, alherinta duka a laushin gefe yake, ɗamararta kuma shimfiɗa take so. Abin da ya gyara mota shi ne zai sa babur ya riƙa rawa a tsakiyar kwana. Saboda haka har zuwa ƙarshen shekarun 1970 manyan baburan Japan da suka girgiza duniya, Honda CB750 ta 1969 da Kawasaki Z1 ta 1972, a kan saƙar gicciye suke tafiya, da tub a ciki, a kan wili mai sifok, inci 19 a gaba, 18 a baya. Faɗin gadon rim ɗinsu kuwa bai wuce inci biyu da 'yan kai ba.

Filin tsere ne ya tilasta a nemo mafita. Injinan tseren duniya na aji 500 sun yi ƙarfin da tayar baya ke dahuwa kafin a gama zagaye, kuma zafi shi ne ainihin cutar da radiyal ke magani. Masu yin taya suka ga cewa in gefe ya cika laushi, to a gajarta shi. Gajeren gefe ba shi da wurin lanƙwasa sosai. Amma taya mai gajeren gefe da faffaɗar fuska ba ta zama sai a kan faffaɗan rim, wanda zai buɗe bakunanta biyu ya ba ta gindin zama. A nan ne labarin taya ya koma labarin wili. Pirelli ya fito da MP7 a 1983, aka sa wa Honda VF1000R ta kasuwar Turai. A 1985 Freddie Spencer, ɗan Amurka, ya cinye kambun duniya na aji 250 da na 500 a shekara guda a kan radiyal ɗin Michelin, sannan a 1987 kamfanin ya fito da A59X da M59X domin masu hawa a titi.

A daidai wannan lokaci kamfanonin babur suna cikin ruɗani game da girman wili. An yi yayin inci 16 a gaba, wai don babur ya riƙa juyawa da sauri: Honda VF750F ta 1983 da Kawasaki GPZ900R ta 1984 duk haka suka fito, Yamaha FJ1100 ma har baya 16 ne. Suzuki ta fara GSX-R750 a 1985 da inci 18, zuwa 1988 ta koma 17. Kafin a shiga shekarun 1990 ƙura ta lafa a kan 17 gaba da baya, rim mai faɗin inci uku da rabi a gaba, biyar da rabi ko kusa da haka a baya. Duk wata sabuwar roba mai kama ƙasa, duk wani sabon bincike, a wannan girman ake zuba shi. Honda ta yi taurin kai da Fireblade, ta fito da ita a 1992 da 16 a gaba, ba ta sauka ba sai a 2000. Masu ita da yawa ba su jira ba, sun nemo wilin 17 daga wasu baburan Honda sun sa da kansu, don kawai su samu tayar da kowa ke samu.

Ku duba halin da mai tsohon babur ya shiga. Yana da Z1 ko Suzuki GS1000 ko Katana, injin lafiya lau, wataƙila ma ya ƙara masa ƙarfi, amma duk taya mai kyau da ke shago ba ta shiga ƙafarsa. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi haɗari, ita ce a samo radiyal a matsa ta a kan siririn rim. Za ta shiga, har ta sha iska. Sai dai bakunanta sun matsu, doronta ya yi tsini, abin da ke taka ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, babur ya riƙa faɗawa cikin kwana ba shiri. Wasu kuma suka sa radiyal a gaba suka bar saƙar gicciye a baya, gaba na kama ƙasa baya na sulɓewa. A Birtaniya doka ta hana wannan haɗin, babur ba ya wuce gwajin shekara da shi. Hanya ta gaskiya ita ce a canza wilin gaba ɗaya, kuma daga nan wata sana'a ta tashi a garejin bayan gida a Ingila da Jamus da Japan.

A nan muke so mu daɗe, domin wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka kwance noti biyu ne a ɗaura biyu. Bakanike ya samo wilin GSX-R ko na Suzuki Bandit 1200 daga wurin masu sayar da kayan baburan da suka yi hatsari. Abu na farko, ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili: na sabon ya fi na tsohon kauri, sai a canza boris ko a sassaƙa hannun riga na ƙarfe da zai cike giɓin. Na biyu, dole wilin ya zauna daidai tsakiyar babur, tayar gaba da ta baya su bi layi ɗaya, don haka a auna a yanka zoben tazara na hagu da na dama, kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya sa babur ya riƙa ja gefe. Na uku, birki: faifan sabon wili ba ya daidai da abin matse shi na tsohon fok, sai a ƙera mariƙi, kuma wannan ɗan ƙarfen shi ke tsakanin mahayi da bayan tirela. Da yawa kan gaji su cire gaban babur ɗin ɗungurungum su dasa na zamani, fok da birki da komai.

Baya ya fi gaba wuya. Tayar da ta zo da babur faɗinta bai wuce santimita 11 ko 12 ba, wadda ake so a sa kuma 16 ko 18. Ba ta shiga tsakanin hannuwan ƙarfen da ke riƙe da wilin baya, sai a sake shi da mai faɗi. An sake shi, sai sarƙa ta fara gogar gefen taya. A tura faifan haƙora na baya waje, sai ya daina kallon ƙaramin da ke jikin inji, dole shi ma a nemo mai tudu da zai fito waje daidai da haka. In ya fito da yawa ya wahalar da boris ɗin giya, wani lokaci sarƙar ta taɓa firam, a ɗauko abin walda. Gyara ɗaya na haifar da biyu.

Sai kuma abin da ido ba ya gani. Mu yi lissafi tare. Tayar 100/90 a kan inci 19 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kimanin milimita 663 ne. Ta 120/70 a kan 17 kuwa kimanin 600. Wato hancin babur ya sunkuya da wajen santimita 3. Sunkuyawar nan tana miƙar da fok, tana rage wannan ɗabi'a da ke sa tayar gaba ta koma tsakiya da kanta, irin wadda muke gani a keke in yaro ya saki hannu yana tafiya. Babur ya yi saurin juyawa, mai shi ya ji daɗi a cikin gari, ranar da ya buɗe wuta a babban titi sai kan ya fara kaɗawa. Inji da salansa sun matso kusa da kwalta, suna karta a kwana. Agogon gudu ma ya fara ƙarya, yana nuna 110 alhali 100 ake yi, tunda ƙaramar taya ta fi yawan juyi. Maganin shi ne doguwar fok, a ɗaga baya daidai gwargwado, wani lokaci a sake mariƙin fok ɗin baki ɗaya. Akwai kuma firam. An yi shi ne a zamanin da taya ke sulɓewa kafin ƙarfe ya ji jiki. Yanzu taya ta kama ƙasa ƙam, duk ƙarfin ya koma kan siraran bututun 1972, suka fara murɗewa. Shi ya sa gidajen gyara na Japan irin su AC Sanctuary, da suka yi suna a kan Z1, sukan tuɓe babur tsirara su ƙarfafa firam kafin su yi maganar wili.

A ganinmu, waɗanda suka yi aikin rabi da rabi sun fi waɗanda ba su taɓa ba shiga haɗari. Tsohon babur a kan tayarsa ta asali yana da iyaka, amma yana gaya wa mahayi ya kusa kai ta. Wanda aka sa wa sababbin ƙafafu aka bar sauran jiki yadda yake, shi ba ya gargaɗi.

Ba kowa ne ya bi ta hanyar 17 ba. Masu son babur ya ci gaba da kama da na da sukan kwance sifok su ɗaura sabon rim mai faɗi a kan tsohuwar cibiya, birki da sarƙa duk su zauna inda suke. Matsalar ramukan sifok da ke zubar da iska kuwa, BMW ta yi maganinta tun 1987 a kan R100GS, inda ta fitar da kan sifok zuwa leɓen rim, waje da inda iska take. Daga baya su ma masu yin taya suka lura akwai kasuwa a nan. Continental ya yi ContiClassicAttack, radiyal siririya mai girman 18 da 19, wadda ke hawa tsohon rim ba tare da an taɓa komai ba. Kawasaki kuma ta kalli abin da masu gareji suka shekara talatin suna yi wa Z1, sai a ƙarshen 2017 ta nuna Z900RS: tanki da wutsiya irin na 1972, ƙafafu inci 17 a kan radiyal tun daga masana'anta.

Mu dawo wurin mai facinmu. Boxer tana kan 17, amma gadon rim ɗinta bai kai inci biyu ba, tayar 120/70 kuma uku da rabi take nema. Ko da an yi dabarar sa ta, babu abin da za ta ƙara. Injin da bai kai dawaki goma ba ba ya dafa taya, kuma abin da ake nema a hanyar ƙauye ranar kasuwa, da buhu biyu da mutum biyu a baya, shi ne gefe mai tauri da ba zai bar rami ya lanƙwasa rim ba, da tub ɗin da za a ciro a liƙe a gindin bishiya. Har yau kamfanonin da ke yin radiyal ɗin tsere suna yin saƙar gicciye domin irin wannan aiki, da ɗan karan nan a gefenta.