Zaɓen Wakilan Jam'iyya a Jihohin Amurka

A Amurka, babban taron jam'iyya ne ke tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, kuma reshen kowace jiha ne ke tura wakilai. Yawancin jihohi zaɓen fid da gwani suke yi. A Iowa kuwa, 'yan jam'iyyar Republican kan taru da dare a makarantu da majami'u, a saurari jawabai, kowa ya rubuta gwaninsa a 'yar takarda, sannan a fitar da wakilai mataki-mataki har zuwa taron jiha.

Sai dai ƙa'idar rabon wakilai ta fi salon zaɓen tasiri. A jam'iyyar Democrat, duk wanda ya kai kashi 15 cikin 100 yana samun kaso gwargwadon ƙuri'unsa. Republican ta bar wasu jihohi su miƙa wa na ɗaya komai. Haka Donald Trump ya kwashe wakilan Florida 99 a 2016, alhali bai samu rabin ƙuri'u ba. Masu kare wannan tsari na cewa yana saurin raba gardama. Haka ne, amma a ranar zaɓen, fiye da rabin masu zaɓen jam'iyyar a Florida sun tashi ba su da wakili ko ɗaya.