Sulhun Masar da Isra'ila: Matsin Gida da na Waje

Shugaba ba ya tsara hulɗar ƙasarsa da waje shi kaɗai. Talakawansa da manyan ƙasashe duk suna matsa masa. Bayan yaƙin 1973 baitulmalin Masar ya yi rauni, mafi yawan Sina'i kuma na hannun Isra'ila. A Janairun 1977 gwamnati ta rage tallafin abinci, jama'a suka yi bore, dole ta janye. Wannan, a ganina, ya fi komai tura Anwar Sadat zuwa Ƙudus a Nuwamba. A 1979 ya ƙulla sulhu da Isra'ila, Amurka ta shiga tsakani, ta biyo da tallafi. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta dakatar da Masar har 1989, ta mayar da hedkwatarta Tunis. Sadat kuwa, harbe shi aka yi a 1981.