Abin da Juma'ar Farm Centre ta bari

Duk wanda yake Gyadi-Gyadi ko Tarauni ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 ba sai an tuna masa ba. Bayan la'asar bama-bamai suka fara tashi a Kano. An kai hari ofishin fasfo da caji ofis na Farm Centre, nan bayanmu, da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu wuraren. Sama da mutum 180 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. An binne matattu, an kai masu rauni asibiti. Waɗanda suka fita ba ko ƙwarzane kuwa, barka da arziki kawai muka yi musu.

Akwai wani ƙanena na unguwa, lokacin yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Ya ga abin da ya gani. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa, ko taya ta fashe a titin Zariya sai ya zube yana makyarkyata. Muka ce iska ce, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Wani abokinsa ya miƙa masa kwalbar kodin, ya yi barcin da ya yi watanni bai yi ba. Shi ke nan fa.

Abin ba a kanmu aka fara ba. Bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tsofaffin sojoji da yawa sun kasa rabuwa da mofin, babban yayan kodin. Irin waɗannan magungunan suna kashe zafin ciwo, suna kuma danne tsoro na ɗan lokaci. Jiki ya saba, sai an ƙara. In an daina, firgicin ya dawo har da riba.

A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wallahi na yi murna. Amma kwalba aka hana, yaron nan Tiramol ya koma. Ban ce duk mai shaye-shaye firgici ne ya jefa shi ba, akwai zaman banza da miyagun abokai. Shi dai nasa na san mafarinsa.

Mun yi masa faɗa, an ɗaure shi, an kai shi gidan mari. Sai a 2019 yayarsa ta matsa muka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ina zaune likitan ya ce masa, "Malam, me ka gani a ranar?" Shekara bakwai, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar, har da ni.