Jajin Nana Asma'u da 'Yan Matan Ƙauye

In ka fita daga Sakkwato ka kama hanyar Jega, ba za ka yi nisa ba sai ka tarar da Boɗinga, in ka ƙara gaba kuma ka isa Shagari. Mutane da yawa suna tsammani maganar tsare 'ya'ya mata daga duka da wulakanci da jahilci baƙuwa ce a wannan ƙasa, wai Turawa suka zo da ita. To, tarihi bai yarda da haka ba.

A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815, sa'ad da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kanta. Su biyun nan sun daɗe da shan suka a kan sha'anin mata. Tun wajen 1786, suna yawon wa'azi a Zamfara, wani malami, Mustafa Goni, ya zargi Shehu don yana barin mata su zo majalisinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da jawabi. Abdullahi ya nuna masa ba cakuɗa su ake yi da maza ba, kuma barin mace ba ta san addininta ba ya fi fitarta neman sani muni.

Shehu da kansa ya tsananta magana a cikin littafinsa Nurul Albabi. Ya zargi malaman da ke karantar da almajirai don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin duhu. Ya gargaɗi mata kada su ruɗu da masu yi musu wa'azin biyayyar miji kaɗai, ba su koya musu biyayyar Allah. Maganar ta yi wa magidanta ɗaci a lokacin, kuma har yau akwai waɗanda ba su son a karanta musu ita.

Amma wa'azi daban, aiki daban. Wadda ta mai da maganar aiki ita ce 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel cikin 1793, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wajen 1840 ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. A kowane ƙauye sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, watau sunan da fatake ke kiran mai ja musu gaba. Ta ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani. Da wannan alama jaji ke ratsa daji da ayarinta ba mai tare ta.

Dubi dabarar da ke ciki. Matan aure ba su iya barin ɗaki su yi tafiyar kwanaki. Saboda haka ayarin jaji tsofaffi ne da 'yan matan da ba a kai su ɗakin miji ba. Su ke zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin da ta tsara na tsarki da salla da tarihin Annabi da kyawawan halaye, sa'an nan su koma gida su koya wa waɗanda ke cikin kulle. Ashe yarinyar da ake rainawa ita ce ta zama mai ɗauke da ilmi zuwa ga uwarta da yayyenta. Kuma yarinyar da gari ya san ta je gaban 'yar Shehu ta yi karatu, ba kowa ke saurin ɗaga mata hannu ba.

Kada a ƙara wa zancen gishiri. 'Yan Taru ba alƙalai ba ne, ba su ɗaure kowa. Zamanin kuwa na yaƙi ne da bauta, mata da yawa sun shigo ƙasar a kame. Abin da jajin suka yi shi ne koyarwa, da jinyar marasa lafiya, da wankan gawar mata, da sasanta husuma. Nana ta rasu cikin 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Labarin bai ɓace ba saboda takardun da aka adana a gidan Waziri Junaidu. Wata malama Baturiya, Jean Boyd, ta yi shekaru tana nazarinsu, ta fitar da tarihin Nana cikin 1989. Ita ce kuma suka rubuta littafi a kan shugabancin Shehu tare da Alhaji Shehu Shagari cikin 1978, mutumin garin Shagari, wanda ya yi malanta tun kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979.

A zamanin nan an sami abin da jajin ba su da shi. Cikin 2020 aka buɗe Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, don jinyar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Cikin 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara. Madalla da su. Sai dai cibiyar a birni take, dokar kuwa a takarda. Daga ƙauyukan Shagari ko na Boɗinga zuwa birni ba wata tafiya ba ce a mota, amma yarinyar da aka ɓata ba ta kama hanya ita kaɗai. Sau da yawa iyayenta ma rufe zancen suke so, don gudun abin kunya, balle in mai laifin ɗan gida ne ko mai hali. Sai an sami wata babba a unguwa, wadda hakimi da liman suka san ta, magidanta kuma suna jin nauyinta, ta shiga gidan ta yi magana da uwar, ta kama hannun yarinyar su tafi.